Daƙiƙa Talatin a Kuzuhata

Daƙiƙa talatin jadawali ya ba ni a Kuzuhata,
shekara goma sha ɗaya bai ƙara mini ko ɗaya ba.
In tsayar da tarago biyu daidai farin layi,
in buɗe ƙofa, in leƙa madubin bakin dandamali,
wanda ya yi tozo kamar bayan cokali.
Duk tashar tana cikinsa:
benci ɗaya, fitila uku,
da tagar tikiti da aka toshe da katako
tun kafin a ba ni farar safar hannu.

Ba ma'aikaci a nan.
Akwatin ƙarfe ne mai ɗan baki yake riƙe da amana,
wanda ya sauka ya jefa masa tikiti,
ba ido, ba tambaya.
Na taɓa ganin wani ya dawo a guje cikin ruwan sama,
kwat ɗinsa sharkaf,
don ya tuna bai jefa nasa ba.

Injin lemo na gunaguni shi kaɗai.
Tsattsewa ta yi sheƙa a kan lasifika,
in murya ta taso daga ofishin birni
tana ba da haƙurin lattin minti biyu,
sai 'ya'yan su wage baki, su zaci abinci ne.

Ita kuwa tsohuwar, jirgin shida da kwata ne namu.
Ba ta taɓa shiga ba.
Sunanta ma a jikin butar ban ruwa na karanta shi,
a juye, ta cikin madubi: Kiyoe.
Ita ke share ganyen kaka,
ita ta ɗinka wa bencin matasai huɗu
da ragowar tsofaffin riguna,
ita ke rataye lema uku a ƙusa saboda masu mantuwa.
Ran da dusar ƙanƙara ta kwana,
kafin in iso ta buɗe hanya, faɗin mutum ɗaya,
daga shinge zuwa inda ƙofata ke tsayawa.
In na ja birki ta jingine tsintsiya ta rusuna.
Jirgin take gaisarwa ko ni, ban sani ba.

A daƙiƙa talatin ba a tambayar lafiyar gida.

Ranar wata Talata, lokacin dashen shinkafa,
gonaki sun cika da ruwa, sama ta kwanta a ciki,
na leƙa madubi, ba kowa.
Laraba, furanni sun sunkuyar da kai.
Alhamis iska ta kayar da matashi guda,
yana ƙasa, taku biyar daga inda nake,
taku biyar, ni kuwa doka ta ɗaure ni a kujera.
Na kwashi mutum tara na kai su birni,
kowa da wayarsa, kowa da gyangyaɗinsa.
Wa zan tambaya?
Akwati ba ya magana, kwaɗi kuma nasu ya dame su.

Kwana goma sha biyu ina wucewa da tambayata.

Yau da safe sai ga wata 'yar makaranta,
wadda kullum sai ƙararrawa ta kaɗa take shigowa da haki,
ta riga ni isowa.
Jakarta a benci, matashin ya koma wurinsa,
butar nan a hannunta, ta yi mata nauyi,
rabin ruwan a kan takalminta ya ƙare.
An ɗaura wa mariƙin butar ɗan baƙin ƙyalle.

Ban ce komai ba. Ba a ba ni lokacin cewa ba.
Ta ajiye buta, ta shigo, ƙofa ta rufe.
Na ɗaga farar safa na nuna danja kamar yadda aka koya mana,
na faɗa da ƙarfi cewa hanya ta buɗe,
sai dai hannun ya ƙi sauka da wuri.

A babbar tasha aka rubuta mini latti:
daƙiƙa huɗu.
Na sa hannu a takardar, ban kawo dalili ba.